Bishiya ta Tara a Gonar Baba Saje

Ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da 11 ga Fabrairu 2025, ina zaune a bakin aikina a ɗakin karatu na jami'a da hantsi, sai wayar Ja'afar, ɗan maƙwabcina, ta shigo. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, kuma daga nan na san ba lafiya, domin a gidansu ba a gajarta gaisuwa. Ya ce, "Malam Mudassir, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Malam Garzali Mati, wanda Wudil ta fi sani da Baba Saje, yana da shekara saba'in da bakwai, bayan jinyar kwana shida. Aka yi masa sutura bayan azahar.

Baba, yau kwana goma sha biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji. A 'yan shekarun nan na zauna a kan tabarmar makoki har na daina ƙirgawa, na faɗi "Allah ya jiƙan rai" har bakina yana faɗa ba tare da zuciyata ta biyo shi ba. Da na so in yi shiru kamar kowa. Abin da ya hana ni shi ne ka bar mini amanar sunaye ashirin da uku, kuma na kusa zubar da ɗaya daga ciki da hannuna. Gara in faɗa a gaban mutane.

Ga wanda bai san ka ba, kai tsohon soja ne. A shekarar 1967 ku goma sha ɗaya kuka hau babbar mota a bakin gadar Wudil, samarin gari da na Utai da na Kausani, kuka tafi yaƙin basasa. Ku uku ne kuka dawo. Takwas ɗin nan babu wanda aka kawo gawarsa gida, wasu ma ruwa ne ya tafi da su wajen ƙetare kogi a Anaca. Da ka bar aikin soja ka koma gonar mahaifinka da ke gangaren kogi, sai ka shuka bishiya takwas a jere a bakin iyaka, kowace da sunan mutum ɗaya. Daga baya yaƙe-yaƙe ba su ƙare ba, kai ma ba ka daina shuka ba. Aka yi Laberiya da Saliyo, ka ƙara uku. Aka shiga wannan na arewa maso gabas da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ka ƙara goma sha biyu. Duk wanda ya faɗi a fagen daga, matuƙar ɗan ƙasar Wudil ne ko kuma yana da ɗan'uwa a cikinta, yana da bishiya a gonarka.

Ni baƙo ne a garin nan. Daga Malumfashi aiki ya kawo ni, na kama haya a layinku. A shekarar 2018 aka aiko mana cewa ƙanena Bilya ya rasu a bakin daga, kuma an riga an binne shi a can tare da abokansa. Har yau ban ga kabarinsa ba. Da na dawo daga gida, maƙwabta suka taru bayan la'asar a ƙofar masallaci suna yi mini gaisuwa. Kowa ya yi addu'a ya tashi, kai kuwa ka matso ka zauna ka shiga yi mini tambayoyi. Mene ne cikakken sunansa? Wa ya haife shi? A ina ya faɗi? Yana da fara'a ko miskili ne? Me ya fi so ya ci? Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wannan tsoho bai san makoki ba, ya mai da ni kamar mai ba da shaida a kotu. Na amsa maka a gajarce don ka tashi.

Bayan mako guda ka buga mini ƙofa da sassafe, ka ce in sa takalmin da ba na tausayinsa. Muka gangara gona. A ƙarshen layin bishiyoyi na ga wani ɗan dashe da bai kai gwiwata ba, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ƙasar gindinsa a jiƙe. Ka ce, "Ga Bilya Sallau. Gwaiba na sa masa, don ku yaran zamani ba ku iya jira ba." Ban yi kuka a Malumfashi ba, domin ni ne babba, ni ake kallo. A nan na tsuguna na yi, kai kuma ka juya baya kana gyaran ƙayar wata bishiya har na gama.

A ranar na fahimci dalilin tambayoyinka. Ba ka shuka wa mutum bishiya sai ka san halinsa. Isiyaku na Utai tsamiya ka ba shi, ka ce bakinsa ya fi ta tsami, ko kwamanda bai tsira daga gare shi ba. Habu Dogo na Kausani giginya ce tasa, kuma ka ce har yanzu ba ta kamo shi a tsawo ba. Akwai Bitrus, ɗan wani malamin asibiti da ya tashi a Wudil yana wanka a kogi tare da ku. Shi ma yana cikin takwas ɗin farko, da darbejiyarsa. Wani ya taɓa yi maka magana a kansa, ka ce inuwa ba ta tambayar addinin wanda ya zauna, kuma ramin da kuka kwanta a ciki da shi bai tambaya ba.

Babu allo ko ɗaya a jikin bishiyoyin nan, kuma wannan shi ne tushen damuwata. Ka gaya mini ka taɓa yanka gwangwani ka sa aka rubuta sunaye ka kafa. Limamin unguwa na lokacin ya kira ka gefe, ya ce yana tsoron wata rana jahilai su mai da wurin kamar kaburbura, a riƙa zuwa neman tabarraki. Ba ka yi musu ba. Ka cire su duka a yini ɗaya. Ka ce malam ya yi gaskiya, itacen shi ne sadakar, wanda ya ci 'ya'yansa ko ya sha inuwarsa ladan yana isa inda aka nufa ko ba a rubuta ba. Tun daga ranar sunayen suka koma cikin kanka kaɗai.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, idan hukuma ta yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, akan gayyace ku Kano. Ka je sau uku ko huɗu sannan ka daina. Ka ce ba ka raina abin da ake yi ba, an busa begila, an ajiye furanni, an saki tantabaru, kuma duk girmamawa ce. Abin da ya tsaya maka a wuya shi ne mutum-mutumin da ake kira sojan da ba a sani ba. Ka ce mini, "Malam, wai ba a san shi ba. Uwarsa fa? Ai ita ta san shi." Don haka a ranar kake sa tsohuwar hularka ta soja, wadda asu ya ci gefenta, ka bi layin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ka dafa kowace, ka yi addu'a a hankali, ka wuce. Sau biyu na bi ka. Ban ɓoye ba, wajen gwaibar Bilya nake zarcewa in tsaya, in bar ka da sauran.

Ba a bikin kaɗai kake tunawa da su ba. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, kai ne da jarka biyu a bayan keke, daga kogi zuwa gona, sawu shida ko bakwai kafin rana ta yi zafi. Da gwiwa ta fara ba ka wahala sai ka koma tura keken da hannu. Idan mangwaro ya nuna, ba ka kai ko ɗaya kasuwa ba. Inna Yelwa, mai ɗakinka, takan zuba a kwando a kai wa iyalan waɗanda suka faɗi, abin da ya rage kuma na duk mai wucewa ne. Idan jerin motocin soja suka ratsa gari za su gabas, kakan tsaya a bakin gada ka ɗaga hannu har ta ƙarshe ta wuce. 'Yan tireda suna yi maka dariya, suna cewa Baba Saje yana karɓar fareti. Na taɓa tsayawa kusa da kai na ga leɓɓanka suna motsi. Na tambaye ka, ka ce roƙon Allah kake yi kada ya sa ka sake neman dashe.

Mun saba har muka zama abokan tsokana. Kana kirana Sarkin Takarda, kana cewa hannuna bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba. Ni kuma ina cewa soja ya cire maka kunya, domin ina jin kana ƙwala wa babbar 'yarka kira da sunanta gatsal, "Khaulat! Khaulat!", alhali a garinmu dattijo ba ya kama sunan ɗansa na fari. Sai ka yi murmushi ka ce, "Haka ne, Sarkin Takarda." Ban taɓa tsayawa na yi tunanin murmushin nan ba.

Tun shekarar da muka saba kake cewa in zo da biro in rubuta sunayen, kowane da bishiyarsa. Ka ce malam allo ya hana, bai hana littafi ba, kuma kai ba ka yi boko mai zurfi ba. Na ce to, sai an gama jarrabawa. Aka gama, na ce sai bayan azumi. Aka yi sallah, na ce sai ruwa ya ɗauke. Ni da aikina kullum shi ne jera littattafan mutanen da ban taɓa gani ba, in ba kowane lamba don kada ya ɓata, na shekara shida ina yi wa maƙwabcina gobe. Ba ka taɓa yi mini faɗa ba. Iyaka idan mun haɗu ka ce, "Malam, biron nan bai warke ba?"

Sai bana na je, ranar 15 ga Janairu, kuma don na ga yadda ka rame ne. Ka sa hularka, ka dogara sanda, muka fara daga tsamiyar Isiyaku. A karon farko ka ɗaga murya kana faɗa ina rubutawa: suna, sunan uba, unguwa, inda ya faɗi, shekara. Ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba a takwas ɗin farko. Muka iso ta tara, wani mangwaro da ya fi duk sauran girma da inuwa, wanda a gindinsa kake ajiye keke da buta. Ka dafa shi ka yi shiru. Na jira. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ba ka amsa ba. Na sake tambaya, na ɗan ɗaga murya don na zaci ba ka ji ba. Ka ci gaba da kallon ƙasa, hannunka yana jikin itacen.

Sai na ce maka, cikin irin muryar da ake lallashin marar lafiya da ita, "Ba komai, Baba, tsufa ne. In ka tuna sai ka gaya mini." Ka ɗago ka dube ni, ka ce, "To, Malam." Muka wuce ta goma, ka ci gaba da zubo sunaye har zuwa kan Zaharaddeen, wanda ka yi wa dashe bara. A gaban lamba tara na rubuta: ba a tuna ba. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki. Har na gaya wa abokan aikina cewa na ceto sunaye ashirin da biyu a ƙurarren lokaci, domin kan tsohon ya fara juyewa. Wannan maganar ita ce ta fi damuna yanzu, don na faɗe ta a wuri fiye da ɗaya.

Bayan mako huɗu ka rasu. Tun ba a share makoki ba na ji wani a kan tabarma yana tambaya a hankali ko magada za su rabu da gonar, wai wurin ya dace da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ban ga laifinsa sosai ba, garin yana faɗaɗa, kuma shi itatuwa kawai ya gani. Ja'afar ma ya gaya mini gaskiya cewa shi a Legas ya yi yawancin rayuwarsa, bai san wace bishiya ce ta wa ba. Na ga cewa in babu sunayen nan, wata rana mai zarto zai zo ya yi musu kuɗin itacen girki. Saboda haka ranar bakwai na ɗauki littafin na tafi gidanka.

Inna Yelwa tana cikin takaba, don haka daga bakin ƙofar ɗaki na tsuguna, Ja'afar yana gefena, Khaulat tana ciki tare da ita. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Na ce na zo da amanar Baba ne, ina so in karanta musu kafin in miƙa. Na fara karantawa. Duk sunan da na kira sai in ji ta ce, "Allah ya jiƙansa," wani ma ta ƙara da sunan uwarsa. Da na zo ta tara na ce, "Wannan babban mangwaron, Allah bai nufa ba, Baba ya manta mai shi."

Ja'afar ya sunkuyar da kai. Can sai na ji muryar Inna, ba ta ɗaga ta ba. Ta ce, "Malam, bai manta ba." Sannan ta ce, "Khaulat, gaya masa sunan yayanki."

Khaulat ta ce, "Saifuddeen." Ta ce shi ne ɗanku na fari, an haife shi shekara guda bayan ka dawo daga yaƙi. Ya shiga soja ba da son ranka ba, kuma ba ka hana shi ba. Ya rasu a Laberiya a 1993 yana da shekara ashirin da biyu, ba a kawo shi gida ba. Ta ce tun yana raye ba ta taɓa jin sunansa a bakinka ko a bakin Inna ba, "yaron nan" kuke cewa, bayan ya rasu kuma ko hakan kuka daina. Ta ce mangwaron nan da hannunka ka haƙa raminsa, ka hana kowa taimaka maka.

Baba, an ce baƙo makaho ne ko yana da ido, amma ni ba baƙunta ce ta makantar da ni ba. Na san al'adar nan, a cikinta aka haife ni. Mahaifina har ya koma ga Allah bai kira ni Mudassir ba. Ni ne ma nake tsokanarka da ita. Shekara bakwai ina zama a inuwar bishiyar nan, ina shan ruwan butarka, ina ba ka labarin Bilya kana saurare kamar ba ka san irin wannan ciwon ba sai a bakina. Ban taɓa tambayar ko kai ma ka rasa wani ba. Rannan kuma na tsaya a gabanka da biro na ce maka tsufa ne, ka zaɓi in ɗauke ka mai mantuwa da ka buɗe baki ka kama sunan ɗanka. Ka ce, "To, Malam." Da na tsaya na dubi hannunka a jikin itacen nan, da na gane.

Na nemi gafarar Inna a wurin, ta ce babu komai, kai ma da ka dawo gida ranar dariya ka yi, ka ce Sarkin Takarda ya ba ka sifili a lamba tara. Wannan bai rage mini nauyi ba, sai ma ya ƙara. Na koma wurin abokan aikina ɗaya bayan ɗaya na janye maganata. Wanda ban samu ba, to ga shi a rubuce: kan Baba Saje bai juye ba, har ya bar duniya bai manta da kowa ba.

Abin da magada za su yi da gona nasu ne, shari'a ta ba su, kuma ba ni da bakin magana a ciki. Na dai kwafe littafin, na ba Ja'afar ɗaya, na ba Khaulat ɗaya, na ajiye ɗaya a inda nake aiki. Ja'afar ya ce zai zagaya gidajen da ke da bishiya a wurin ya karanta musu kafin a yanke wata shawara. Ranar Juma'ar da ta wuce na ari kekenka na ɗebo ruwa sawu biyu, na uku ya gagare ni. Dashen Zaharaddeen ya fara yaushi, amma ina ganin zai tashi. Motoci kuwa suna nan suna wucewa ta kan gada, jiya ma na ƙirga tara, kuma babu kowa a tsaye a inda kake tsayawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yelwa, da Khaulat, da Ja'afar, da Sharifa autarka, da jikoki, da abokanka 'yan mazan jiya da suka rage, da duk gidan da ya taɓa karɓar kwandon mangwaro daga hannunka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a bayansa.

Ya Allah, ga bawanka Garzali ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi a inuwa ranar da babu wata inuwa sai taka. Duk ganyen da ya yi wa wani inuwa a gonar nan, da duk ɗan itacen da ya shiga bakin mai yunwa, ka sa a mizaninsa da na waɗanda ya shuka dominsu. Ka jiƙan waɗanda suka kwanta a inda iyayensu ba su sani ba. Ka kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, domin mun gaji. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Baba, na goge abin da na rubuta a lamba tara. Shekara talatin da biyu kana ba bishiyar nan ruwa ba ka kira mai ita ba. Ni ba ni na haife shi ba, kunya ba ta kama ni ba, don haka bari in faɗa a madadinka: Saifuddeen Garzali Mati, ɗan Wudil, Laberiya, 1993. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan ubansa, ya haɗa su a Aljanna Firdausi. Amin.

Mudassir Sallau
Wudil